Datse titi, hawa bishiya, rufe bawul: me zafin fafutukar muhalli yake cim ma?

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum jama'a. Ga batun da nake so mu tattauna da hujja. A Maris 2025 ƙungiyar Just Stop Oil ta Birtaniya ta ce ta daina fita datse tituna, wai buƙatarta ta biya tunda gwamnati ta ce ba za ta ƙara ba da sabon lasisin neman mai da gas a Tekun Arewa ba. Kafin ita, Letzte Generation ta Jamus ta bar manna hannu a kwalta a Janairun 2024. Extinction Rebellion kuwa tun ƙarshen 2022 ta ce ta daina takura wa jama'a a kan hanya. Ƙungiyoyi uku da suka fi zafi a Turai duk sun sassauta cikin shekara biyu da 'yan watanni. Nasara ce ta sa, ko karya su aka yi? Don Allah mai amsa ya zo da wuri da shekara, kada mu tsaya a "ni dai a ganina".

Auwalu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ina ɓangaren nasara. Afrilun 2019 Extinction Rebellion ta mamaye tsakiyar Landan, har da gadar Waterloo da Oxford Circus, kwana goma sha ɗaya, aka kama mutum sama da 1,100. Ranar 1 ga Mayu majalisar dokoki ta ayyana dokar-ta-ɓaci kan yanayi. Ƙarshen Yuni aka sa a doka cewa zuwa 2050 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. Masu rubuta takardar koke sun yi shekaru suna rubutu, ba su samu abin da aka samu cikin wata uku ba.

Dakta Rabi:
Auwalu, ranakunka daidai suke, amma ka tsallake guda. Ranar 2 ga Mayu 2019 kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan sauyin yanayi ya fitar da rahoton da ya ce a sa 2050 a doka. Gwamnati ce da kanta ta nemi wannan shawara a Oktoban 2018, bayan rahoton IPCC, kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, kan tsayar da ɗumamar duniya a digiri 1.5, kafin ƙungiyar ta fara datse ko da gada ɗaya. Ga kuma Firaminista Theresa May tana shirin barin kujera, tana neman abin da za a tuna ta da shi. Dokar-ta-ɓacin ma ƙuduri ne na majalisa, bai tilasta wa kowace ma'aikata yin komai ba.

Ba ina cewa zanga-zangar ta tashi a banza ba. Ta sa jan ƙafa ya zama abin kunya, kuma a ƙuri'un jin ra'ayi na lokacin muhalli ya hau cikin manyan abubuwan da ke damun 'yan ƙasar. Amma ta tarar da 'ya'yan itacen sun nuna ne, ta girgiza reshen.

Batun lasisi ya fi wannan rauni. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta faɗa tun Mayun 2021 cewa a hanyar kai hayaƙi sifili a 2050 babu buƙatar buɗe sababbin rijiyoyin mai da gas, lokacin ba a ma kafa Just Stop Oil ba. Jam'iyyar Labour ta ɗauki matsayin tana nesanta kanta da ƙungiyar. A Yulin 2023 kuma Firaminista Rishi Sunak ya yi alƙawarin sababbin lasisi sama da ɗari, yana amfani da sunan masu datse titi wajen yi wa Labour gori.

Alhaji Mansur:
Malam Sabi'u, a ganina kuskuren yana cikin tambayar, domin an zuba abu biyu a kwando ɗaya. Akwai wanda ya datse titi don jama'a su ji zafi su matsa wa gwamnati. Akwai wanda ya zauna a kan filin wani aiki takamaimai, bututu ko madatsar ruwa ko mahaƙar kwal. Na biyun yana da abin da zai kama, shi ne kalandar kamfanin.

Bari in yi lissafi na misali. Aiki na dala biliyan 5, kuɗin ruwan da ke kansa kashi 7 cikin ɗari a shekara, wato miliyan 350. Duk watan da ya wuce ba a fara tura mai ba, kusan miliyan 29 sun tafi, ba a sa kuɗin hayar injuna da ke zaune da albashin 'yan kwangila da lauyoyi ba. Sannan masu sayen gas ɗin sun sa hannu da ranar farawa, in ta wuce wasu suna da damar janyewa ko neman sabon farashi.

Abin da ya fi cizo shi ne lokacin sara. A ƙasashe da dama ba a yarda a sare daji lokacin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa ba. A Jamus, daga Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu ake irin wannan aiki. Mutum ashirin a kan bishiya ba za su hana aiki har abada ba, amma in sun ci wa kamfani makonni shida a ƙarshen wannan lokaci, shekara guda suka ci masa.

Dubi bututun gas na Atlantic Coast a Amurka. An fara da ƙiyasin kusan dala biliyan 5, ya kai biliyan 8. A Yunin 2020 kamfanonin Dominion da Duke suka ci shari'a a Kotun Ƙoli kan ratsa hanyar masu tafiyar ƙafa ta Appalachian, amma a Yuli suka yi watsi da aikin gaba ɗaya. Ba kotu ta kashe shi ba, jinkiri ne ya cinye ribar.

Barista Hadiza:
Alhaji ya taɓo inda nake so. Zaman bishiya lokaci yake saye, kuma lokacin ba shi da amfani sai in akwai wani da ke yin wani abu da shi a kotu ko a majalisa.

Dajin Hambach na Jamus shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Tun 2012 mutane suke zaune a ɗakunan katako a saman bishiyoyi don hana kamfanin RWE faɗaɗa mahaƙar kwal. Satumban 2018 'yan sanda suka zo da injunan ɗaga mutum suka sauke su ɗaya bayan ɗaya, suka rushe ɗakunan, wani mai ɗaukar hoto ma ya faɗo daga gadar igiya ya rasu. A filin daga an ci masu zaman da yaƙi, babu musu. Amma ranar 5 ga Oktoba babbar kotun gudanarwa da ke Münster ta dakatar da saran, a ƙarar da ƙungiyar kare muhalli ta BUND ta shigar. Hujjar ba hayaƙin kwal ba ce, wani nau'in jemage ne da ake kira Bechstein, wanda dokar Tarayyar Turai ke karewa. Washegari kimanin mutum 50,000 suka taru a bakin dajin. A yarjejeniyar barin kwal ta 2020 aka bar abin da ya rage na dajin.

Ku lura da rabon aikin. BUND ba ta hau bishiya ba, masu bishiya ba su je kotu ba. Da babu masu bishiya, wataƙila da alƙali ya yanke hukunci a kan kututture. Da babu BUND, da an share wurin a Oktoban nan. Haka aka yi a Faransa kan tafkin ban-ruwa na Sainte-Soline: arangamar Maris 2023 ta bar mutum biyu a sume kwana da kwanaki, ba ta hana komai ba, sai a Disamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Bordeaux ta ce izinin ya saɓa doka saboda wani tsuntsu da ake karewa.

Malam Sabi'u:
Barista, to me ya sa dabarar ba ta yi aiki a ƙauyen Lützerath ba, wanda RWE ta so rushewa don haƙar kwal? Kamfani ɗaya ne, yanki ɗaya, kusan mutane ɗaya ne, shekara huɗu kawai tsakani.

Barista Hadiza:
Domin babu sauran abin da za a sayi lokaci dominsa, Malam. Manomi na ƙarshe a ƙauyen ya sha kaye a kotu a 2022 ya sayar. A Oktoban 2022 ministan tattalin arzikin Jamus Robert Habeck da takwararsa ta jihar, dukansu 'yan jam'iyyar Greens, suka ƙulla yarjejeniya da RWE: a daina ƙona kwal a yankin a 2030 maimakon 2038, a bar ƙauyuka biyar, a ba da Lützerath. Wato kotu ta gama, kuma jam'iyyar da za ta ɗauki kukan ita ce ta sa hannu. Ga yaƙin Yukren ya sa gas ya yi tsada, jama'a suna tsoron sanyi. Da 'yan sanda suka shiga ranar 11 ga Janairun 2023, ba su cika mako ba suka gama, har da mutum biyun da suka shige ramin da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Hotuna sun zaga duniya, an ɗauke Greta Thunberg cak a gaban kyamara, amma ƙauyen ya tafi.

Injiniya Garba:
Ni bari in yi magana kan masu cewa a bar zama, a taɓa ƙarfen da kansa. Mutane ba su san yadda bututu yake ba, shi ya sa suke ganin abin da sauƙi.

Ranar 11 ga Oktoban 2016 mutum biyar suka rufe bawul a bututu biyar da ke kawo ɗanyen mai daga Kanada, a jihohi huɗu: Washington, Montana, Dakota ta Arewa da Minnesota. Bututun nan gaba ɗaya suna iya ɗaukar kusan ganga miliyan 2.8 a rana. Sun kira kamfanonin a waya kafin su taɓa komai, kuma wannan kiran ne ya hana masifa. Mai ba ya matsuwa kamar iska. In ka datse shi yana gudu alhali famfuna suna turawa, ƙarfin yana komawa baya kamar guduma, ya bi bututun har ya sami wuri mai rauni, walda ko mahaɗi ko inda tsatsa ta ci. A nan zai fashe, kuma sau da yawa wurin gefen rafi ne. Saboda haka ɗakin sarrafawa ne ya kashe famfunan da kansa. Aka duba layin, aka buɗe, mai ya ci gaba da tafiya cikin sa'o'i zuwa kwana guda. Tankunan ajiya da ke kowane ƙarshe an gina su ne don irin wannan tsaiko, matatar mai ba ta ma ji ba.

Duniya tana shan kimanin ganga miliyan 100 a kullum. In ka tsayar da wani layi, man yana bin wani layin, ko jirgin ƙasa, wanda ya fi bututu haɗari. A Kanada aka ga haka a Lac-Mégantic a 2013, jirgin mai ya kuɓuce ya kashe mutum 47.

Jessica Reznicek ta wuce rufe bawul, ta yi amfani da wutar walda ta huda sassan bututun Dakota Access lokacin ana gina shi. An sauya sassan, mai ya fara bi a Yunin 2017. Ita kuma a 2021 aka yanke mata shekara takwas, alƙali ya ƙara mata nauyi da sashen ta'addanci, da biyan diyyar sama da dala miliyan 3. Ku auna abin da aka bayar da abin da aka samu.

Auwalu:
Injiniya, na ji lissafin ganga, amma ai su ma ba su ce za su ƙarar da man duniya da hannu ba. Neman kunne suke. Kuma ga abin haushin: Just Stop Oil ta fara ne daidai yadda Alhaji yake so. Afrilun 2022 ta datse rumbunan mai, irin na Kingsbury da na Essex, ta hau kan tankokin mai, har wasu gidajen mai suka ƙafe. An kama ɗaruruwa, jaridu suka ba su ɗan gefen shafi, kotu ta ba da umarni, magana ta mutu. Ranar 14 ga Oktoba mutum biyu suka watsa miyar tumatir a kan zanen furannin Van Gogh a National Gallery. Gilashi ne a gaban zanen, bai lalace ba, firam ɗin ne ya ɗan taɓu. Cikin kwana ɗaya duniya ta san sunan ƙungiyar. To wa ya koya musu cewa gwangwanin miya ya fi rumbun mai amfani? 'Yan jarida da masu karatu. Sai kuma a dawo a ce me ya sa ba su je wurin masu laifin ba.

Dakta Rabi:
Wannan gaskiya ce, kuma masu bincike sun ba abin suna, tsaka-mai-wuyar ɗan fafutuka. Feinberg da Willer da Kovacheff sun yi jerin gwaje-gwaje da aka buga a 2020, suka ga aikin da ya fi jawo hankali shi ne kuma yake rage wa mutane son a danganta su da ƙungiyar. Amma ƙin ƙungiya daban, ƙin manufa daban, kuma nan ne muhawarar take.

Tun 1984 Herbert Haines ya nuna cewa lokacin da masu zafi suka fito a gwagwarmayar baƙar fata ta Amurka, kuɗin tallafi ga masu sassauci ƙaruwa ya yi. Mai mulki yana ganin wanda zai iya zama da shi ya fi wancan. An gwada wannan kan datse babbar hanyar M25 mai zagaye Landan da Just Stop Oil ta yi a Nuwamban 2022: an tambayi mutane ɗaya kafin abin da bayansa, aka buga sakamakon a Nature Sustainability a 2024. Waɗanda suka ƙara sanin Just Stop Oil sun ƙara karkata ga Friends of the Earth, ƙungiyar muhalli mai sassauci. Karkatar kaɗan ce, kuma an auna ta ne cikin makonni, ba ta nuna an sauya ƙuri'a ko doka ba.

Sharaɗin shi ne a sami masu sassaucin da ke tsaye, kuma jama'a su iya bambance su. In an haɗa su a suna ɗaya, abin juyewa yake. A Jamus buƙatun Letzte Generation biyu ne masu sauƙi: iyakar gudu ta kilomita 100 a manyan hanyoyi, da tikitin sufuri na yuro 9. Ba ta samu ko ɗaya ba, ta bar wa 'yan adawa kalmar zagi da suke jifan duk mai maganar yanayi da ita.

Wurin da aka zaɓa ma yana magana. Ranar 17 ga Oktoban 2019, da sassafe, 'yan Extinction Rebellion suka hau rufin jirgin ƙasa a tashar Canning Town a gabashin Landan. Dandamali cike da masu sammakon aiki, irin waɗanda ake yanke wa albashi in sun makara. Aka yi ta ihu, aka jefe su da abin da ke hannu, wani ya kamo ƙafar ɗayansu ya jawo shi ƙasa, taro ya rufe shi da duka sai da ma'aikatan tasha suka shiga tsakani. Jirgin lantarki ne. Babu bayanin da zai gyara wannan hoton, kuma yawancin 'yan ƙungiyar ma ba su goyi bayan a yi ba.

Sai batun kashi 3.5 cikin ɗari da masu fafutukar suke yawan ambato, wai in wannan kason na jama'a ya fito, gwamnati za ta miƙa wuya. Erica Chenoweth ta ciro shi ne daga gwagwarmayar kifar da gwamnati, korar 'yan mamaya da ɓallewa, tsakanin 1900 da 2006. Hamɓarar da mutum ɗaya daga kujera ba ɗaya yake da sauya tukunyar ɗumama gida miliyoyi ba.

Barista Hadiza:
Akwai kuɗin da ba a sawa a lissafi, shi ne dokar da ake bari a baya. Ga yadda aka bi a Birtaniya.

Da farko masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suna sakin su. Afrilun 2021 aka wanke mutum shida da suka ɓata hedikwatar Shell a Landan, duk da alƙali ya ce yawancinsu ba su da kariya a doka. Nuwamban 2023 aka wanke mata tara da suka fasa gilasan bankin HSBC. Sai gwamnati da kamfanoni suka bi ta bayan gida: umarnin kotu a kan "mutanen da ba a sani ba". In ka karya shi, laifinka raina kotu ne, alƙali shi kaɗai zai yanke, har shekara biyu. Da wannan aka ɗaure mutum tara na ƙungiyar masu datse titi ta Insulate Britain a Nuwamban 2021. Dokar 2022 ta mai da takura wa jama'a laifi mai ɗaurin har shekara goma. Dokar 2023 ta ƙirƙiro sababbin laifuka: ɗaure kai da wani abu, haƙa rami, har ɗaukar kayan ɗaure kai a jaka. A 2023 wani alƙali a Landan ya ɗaure waɗanda ake tuhuma don sun ambaci sauyin yanayi a gaban kotu bayan ya hana. Yulin 2024 Roger Hallam, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Just Stop Oil, ya sha shekara biyar kan shirya datse M25, ba don an kama shi a kan titin ba, daga baya aka rage zuwa huɗu. Masu miyar nan, ɗaya shekara biyu, ɗaya wata ashirin.

A Jamus jihar Bavaria ta tsare wasu har kwana talatin ba tare da shari'a ba, a Mayun 2023 kuma aka kai samame gidajensu da tuhumar kafa ƙungiyar masu laifi. A Amurka bayan zanga-zangar Standing Rock kan bututun Dakota Access, jihohi sama da goma sha biyar suka yi dokar tsaurara hukuncin shiga filin bututu.

Waɗannan dokoki ba su da sunan ƙungiya a jiki. Ƙungiyar ta watse, su suna nan, kuma ma'aikacin da zai fito gobe kan albashi su zai tarar.

Injiniya Garba:
Barista, wannan ya taɓa faruwa. Oktoban 1998 Earth Liberation Front ta ƙona gine-gine a wurin wasan ƙanƙara na Vail a Colorado, asarar kusan dala miliyan 12, don hana faɗaɗa shi cikin dajin wata kyanwar daji. Aka sake gini, aka yi faɗaɗawar, mutanen garin da ke adawa da kamfanin kuma suka koma tausaya masa. Ƙarshen 2005 FBI ta fara kama su, ɗaya daga cikinsu ne ya ɗauki na'ura yana naɗar hirar sauran.

Kafin nan akwai kafa ƙusa a jikin bishiya. Ƙusar ba ta cutar da mai kamfani, tana jiran zarton injin tsaga katako ne. A 1987 a Cloverdale, California, zarto ya ci karo da ita ya tarwatse, ya yanka wa wani matashin ma'aikaci fuska da wuya, da ƙyar ya sha. Ba a taɓa tabbatar da wanda ya kafa ta ba, amma ƙungiyar masu zafin kare daji ta Earth First ce ta ɗauki baƙin jinin, 1988 aka mai da abin laifin tarayya, 1990 Judi Bari, jigo a ƙungiyar, da 'yan reshenta suka fito suka ce sun daina. Duk mai cewa "kaya kawai muke taɓawa" ya tuna akwai mutum a tsaye kusa da kayan.

Hajiya Zainab:
Duk misalan nan na ƙasashen da ake kama ka a kai ka kotu ne. A wurare da yawa ba a kai wa nan. Global Witness ta ƙirga mutum 196 da aka kashe a 2023 saboda kare ƙasa da muhalli, 79 a Kolombiya kaɗai, sama da 2,100 daga 2012 zuwa 2023. Yawancinsu ba su fasa komai ba.

Berta Cáceres da al'ummar Lenca sun datse hanyar shiga aikin madatsar Agua Zarca a Honduras sama da shekara, har kamfanin Sinohydro na China ya janye. Maris 2016 aka harbe ta a gidanta. Sai bayan nan bankunan FMO da Finnfund suka zare kuɗinsu, a 2021 kuma aka samu shugaban DESA, kamfanin da ke da aikin madatsar, da hannu a kisan. Ogoni ma haka: Janairun 1993 kimanin mutum 300,000 suka fito, a shekarar Shell ta daina haƙo mai a yankin. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 ya tarar da sinadarin benzene a ruwan shan Ogale sama da ninki 900 na ma'aunin WHO, ya ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30. An iya tsayar da haƙa, amma babu zaman dirshan da ke tsotse mai daga ƙarƙashin ƙasa. Wannan aikin hukuma ne da kasafi.

Alhaji Mansur:
Hajiya ta kawo bankuna, nan ne ma jijiyar. Brent Spar a 1995: Greenpeace ta hau wannan tankin ajiyar mai na Tekun Arewa da Shell ke shirin nutsarwa a teku ƙarshen Afrilu. Hawan ya ba talabijin hoto, amma abin da ya karya Shell ranar 20 ga Yuni shi ne direbobin Jamus da suka daina shan mai a gidajenta, alhali gwamnatin Birtaniya ta John Major tana bayanta. A 1998 aka hana nutsar da irin waɗannan a yankin. Sai dai Greenpeace ta ce akwai tan 5,500 na mai a ciki, binciken kamfanin tantancewa na DNV ya tarar bai wuce ɗari ba. Ta nemi afuwa, amma har yau ana yi mata gori da shi.

Kamfanoni kuma sun koyi darasi. Maris 2025 kotu a Dakota ta Arewa ta ce Greenpeace ta biya Energy Transfer, mai bututun Dakota Access, sama da dala miliyan 660 kan Standing Rock, gwagwarmayar da 'yan ƙabilar Sioux ne suka ja ta. Alƙali ya rage kusan rabi daga baya. Masu sassaucin da Dakta ta ce su ke cin riba, yanzu su ake kai wa takardar biya, domin su ke da asusu.

Auwalu:
To amma kada a ce zafi bai taɓa cin nasara da kansa ba. Notre-Dame-des-Landes a Faransa, inda aka so gina sabon filin jirgin sama: an yi ƙuri'ar yanki a 2016, kashi 55 suka ce a gina filin jirgin, kotuna duk sun ba gwamnati gaskiya. Babu jemage, babu banki. Mutane ne kawai suka ƙi tashi daga hekta 1,650, aka gwada korarsu a 2012 abin ya gagara, Janairun 2018 Firaminista Édouard Philippe ya ce an fasa. Madatsar Kogin Franklin a Tasmaniya ta Ostiraliya ma an fasa, bayan an kama sama da mutum 1,200 daga Disamban 1982.

Barista Hadiza:
Na ba ka Notre-Dame-des-Landes, Auwalu, amma ka duba su wa ke wurin. Manoma ne da taraktocinsu suka kewaye gonakin, suna adawa tun shekarun 1970, kuma bayan mutuwar ɗan zanga-zanga Rémi Fraisse a wurin aikin madatsar Sivens a 2014 babu ministan da ke son wata gawa. Ga kuma filin jirgin Nantes yana nan ana iya gyarawa, wato akwai mafita mai arha. Franklin kuwa zaɓen Maris 1983 ne ya kawo Firaminista Bob Hawke da ya hana aikin, Babbar Kotu ta tabbatar da hanin ranar 1 ga Yuli da alƙalai huɗu a kan uku.

Ga wanda ya haɗa komai kuma bai isa ba: bututun Mountain Valley, mil 303 daga West Virginia zuwa Virginia. Zaman bishiya na Yellow Finch ya kai kwana 932. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke izini sau da dama. Kuɗin ya tashi daga dala biliyan 3.5 zuwa sama da 7.5, an makara kusan shekara shida. Sai Sanata Joe Manchin ya sa aka cusa shi cikin dokar ƙara iyakar bashi ta Yunin 2023, majalisa ta amince da dukkan izinin, ta kuma cire shari'ar daga hannun wannan kotu. Yunin 2024 gas ya fara bi.

Alhaji Mansur:
Haka ne, Barista, gas ya bi. Sai dai duk mai shirin sabon bututu a gabashin Amurka yanzu da ninkin kuɗin nan da shekara shidan nan yake fara lissafi, kuma aikin da aka fasa tun a takarda ba ya fitowa a jarida balle Dakta ta ƙirga shi.